Yaƙi Ya Ƙare, Saura Rabon Laifi

Mutanen ƙasar Ungogo, tun daga Panisau har Rangaza, daga Karo zuwa Yada Kunya, ko da yake mafi yawansu manoma ne waɗanda gonakinsu ke daɗa tsukewa kowace shekara saboda yawan magada da matsowar birni, ba su taɓa zama baƙi ga labarin duniya ba, domin akwatin rediyo ya daɗe da shiga cikin kayan zuwa gona. Manomi yakan rataye shi a reshen darbejiyar da ke bakin iyaka, ya duƙa yana maimai a gindin gero, kunnensa kuwa yana Landan ko Bon ko Faris. Da almuru, idan an hallara a teburin mai shayi, sai ka ji ana warware siyasar ƙasashen da babu wanda ya taɓa taka su a cikin mazauna wurin. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da fitar sojan Faransa daga Jamhuriyar Nijar, wadda aka kammala ran 22 ga Disamba, 2023, ta zama abin muhawara a majalisunmu, har yau kuwa ba a rufe babin ba. Wasu na cewa Faransa ce ummul haba'isin duk masifar da ta sauka a Sahel, wasu na cewa sojan da suka yi juyin mulki ne suka kori mai agaji, suka bar talaka a hannun 'yan bindiga. Abin da nake gani shi ne, kowane ɓangare ya karɓi rabin magana daga bakin wanda ke da bukatar ɓoye ɗaya rabin, kuma wajibi ne a kan mai saurare da mai jarida su ƙi yarda a dunƙule musu yaƙin shekara goma cikin labarin ranar da aka tashi daga fage.

Lalle ne duk wanda ke son ya yi hukunci a kan al'amari ya faro shi daga tushe. A cikin Maris na 2011 Faransa, a zamanin Shugaba Sarkozy, tana kan gaba cikin ƙasashen da suka yi wa Libiya ruwan bama-bamai, har aka kashe Gaddafi a watan Oktoba, rumbunan makamansa suka watse cikin Sahara. Ba a yi wata uku ba tawaye ya tashi a arewacin Mali, soja suka kifar da gwamnati a Bamako cikin Maris na 2012, masu iƙirarin jihadi suka kama Tambutu da Gao da Kidal. Ran 11 ga Janairu, 2013 Faransa ta shiga yaƙin bisa roƙon hukumar Mali, kuma gaskiya ce, ko da wasu ba sa son a tuna, cewa sa'ad da Shugaba Hollande ya sauka Tambutu a farkon Fabrairu, da kiɗa da guɗa jama'a suka tarye shi. Mu ma ba 'yan kallo ba ne a ranar, domin Nijeriya ta aika da sojanta, kuma Manjo Janar Shehu Abdulƙadir shi ya shugabanci rundunar ƙasashen Afirka. A cikin Agusta na 2014 aka faɗaɗa aikin aka kira shi Barkhane, ya haɗa ƙasashe biyar, watau Mali da Nijar da Burkina Faso da Cadi da Muritaniya, har yawan sojan ya haura 5,000. Daga nan sai al'amarin ya yi ta ja, ƙauna ta koma zargi, zargi ya koma ƙiyayya, aka fita daga Mali ran 15 ga Agusta, 2022, aka fita daga Burkina Faso a Fabrairun 2023, sa'an nan Nijar ta biyo baya, wata biyar bayan Janar Abdurrahman Tchiani ya hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum ran 26 ga Yuli.

Da aka zo rabon laifi, kowa ya ɗauko abin da zai wanke shi. Shugaba Macron ya ƙi yarda ko kaɗan a kira aikin Faransa gazawa. Ya ce ba domin sojansa ba, waɗanda 58 daga cikinsu suka rasu a can, da yanzu babu ƙasa mai suna Mali ko Nijar. A Janairun 2025 har ya yi ƙorafin cewa shugabannin Afirka sun manta da godiya, maganar da ta fusata hukumomin Cadi da Senegal. Masu mulki a Yamai da Bamako su kuma suka ce Faransa ba ta zo kashe wutar ba, ita ce ma ke hura ta. A ƙarshen Disamba na 2024 Janar Tchiani ya yi doguwar hira da harshen Hausa, wadda ta zaga wayoyin mutanenmu cikin dare ɗaya, ya zargi hukumomin Nijeriya da haɗa baki da Faransa wajen rainon 'yan ta'adda a kan iyaka. Malam Nuhu Ribadu, mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, ya fito a Sashen Hausa na BBC ya musa. To, ga da'awa ga inkari, duka da harshenmu, duka kuma an yi su ne domin kunnenmu. Ƙa'idar alƙalanmu na da ita ce, mai da'awa shi ake nema ya kawo shaidu, ba a kuma yanke hukunci da daɗin baki ko da ƙarfin murya. Amma a majalisa sai kowa ya gaskata wanda tun asali zuciyarsa ta karkata gare shi, aka tashi babu wanda ya tambayi bayyina.

Bari mu buɗe littafin hisabin kamar yadda yake, mu ga abin da kowane ɓangare ya tsallake. Wanda ya ce zaman Faransa kariya ne, sai ya gaya mana inda kariyar take ran 10 ga Disamba, 2019, da aka kashe sojan Nijar 71 a Inates, ko ran 9 ga Janairu, 2020, da aka kashe 89 a Cinagodar, ko ran 21 ga Maris, 2021, da aka hallaka mutum 137 a ƙauyukan Tillia cikin jihar Tawa, alhali jiragen Faransa suna Yamai, na Amurka suna Agadas. Sai kuma ya yi mana bayanin Bunti a ƙasar Mali, inda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar da cewa jirgin Faransa ya kashe farar hula 19 a taron biki cikin Janairun 2021, Faransa ta kafe a kan 'yan ta'adda ta jefa. Da Tera a ƙasar Nijar, inda mutum uku suka mutu a Nuwamban wannan shekarar yayin da suka tare ayarin motocin sojan Faransa. Wanda kuwa ya ce korar baƙo ita ce magani, shi ma akwai tambaya a kansa: me zai ce game da Mura, inda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sojan Mali da baƙin mayaƙan da ke tare da su sun kashe aƙalla mutum 500 cikin Maris na 2022, ko game da Fambita a jihar Tilaberi, inda aka kashe masallata 44 ranar Juma'a, cikin watan azumi, ran 21 ga Maris, 2025, bayan Faransa ta fi shekara da tafiya, Amurka ma ta kwashe nata tun Satumban 2024? Duk lissafin da ya ambaci Bunti ya manta da Mura, ko ya ambaci Fambita ya manta da Tillia, ba lissafi ba ne, farfaganda ce.

Wannan cuta ta raba laifi da son zuciya ba a Sahel ta fara ba, kuma manyan ƙasashe masu tinƙaho da 'yancin jarida ba su tsira daga gare ta ba. Amurka ta shiga Afganistan ran 7 ga Oktoba, 2001, ta yi shekara ashirin a ƙarƙashin shugabanni huɗu, biyu daga kowace jam'iyya, ta rasa soja sama da 2,400, masu binciken Jami'ar Brown kuma suka ƙiyasta kuɗin da aka kashe ya haura dala tiriliyan 2, farar hular da suka mutu sun fi 46,000. Tun a Disamban 2019 jaridar Washington Post ta buga takardun da suka nuna manyan jami'ai sun daɗe da sanin ba nasara ake yi ba, suna faɗa wa jama'a akasin haka. Maganar ba ta yi nisa ba ta lafa. Amma da Kabul ta faɗi ran 15 ga Agusta, 2021, aka ga mutane suna bin jirgin sama da gudu, bam ya kashe sojan Amurka 13 da 'yan ƙasar kimanin 170 a ƙofar filin jirgi, sai duniya ta cika da hayaniya kamar a makon nan aka fara yaƙin. Fadar Shugaba Biden ta fitar da rahoto a Afrilun 2023 ta ɗora galibin laifin kan yarjejeniyar da gwamnatin Trump ta yi da Taliban a Doha ran 29 ga Fabrairu, 2020; 'yan jam'iyyar Republican a majalisa suka fitar da nasu a Satumban 2024, ana gab da zaɓe, suka mayar da shi kan Biden. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Misalinsu kamar magadan da suka zo gona ranar girbi, suka tarar zangarniya duk ƙaiƙayi, sai suka kama mai yanka da faɗa, babu wanda ya tambayi wa ya zaɓi irin, wa ya makara da shuka, wa kuma ya sayar da takin.

Dalilin da ya sa haka ke faruwa yana cikin ɗabi'ar sana'ar labarai kanta. Yaƙin da ya daɗe yakan gundure mai bugawa da mai karatu, domin mutuwar yau ta yi kama da ta jiya, ba ta da hoto sabo. Ranar fita kuwa tana da jirgi da tuta da kuka, tana da mutum guda da za a nuna da yatsa. Har ila yau, kafofin da muka fi dogara da su kowace da ubangidanta. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta na Hausa, hukumar Turawa ce ta kafa ta, kuma a shekarun yaƙin Hitila ita ce ta riƙa kai wa mutanenmu labarin fagen fama yadda Ingila ke so a ji shi, ko da yake editan ya san hanyar da yake bi ya faɗi ta talakawa. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na Faransa a 2007. Ba na zargin ma'aikatan waɗannan gidaje da ƙarya. 'Ya'yanmu ne, da yawansu sun fi wasu na gida tsantseni da bin diddigi. Amma wanda ya gina rumfa yana da ta cewa a kan inda za ta fuskanta, kuma mun ga zahirin haka a Maris na 2025, sa'ad da umarni ɗaya daga fadar Shugaban Amurka ya sa Muryar Amurka ta yi shiru, masu sauraronta a ƙauyukanmu suka murɗa akwati suka ji wayam.

Sai dai maganin wannan aibi ba toshe baki ba ne. Hukumar Yamai ta dakatar da gidan rediyon Faransa da talabijin na France 24 mako guda bayan juyin mulki, sa'an nan a Disamban 2024 ta dakatar da BBC wata uku saboda rahoton wani hari da ta ce an ƙara masa gishiri. Abin da ya cike gurbin ba jarida mai zaman kanta ba ce. Sanarwar soja ce a gefe guda, a ɗaya gefen kuma saƙon murya na WhatsApp da guntun bidiyon TikTok, waɗanda ba a san wanda ya yi su ba, balle a tuhume shi. Na ga dattijo mai mutunci, wanda ba zai karɓi hadisi ba sai ya ji littafin da ya fito da malamin da ya inganta shi, ya miƙa wayarsa hannu zuwa hannu a ƙofar masallaci, ana kallon wasu Turawa cikin kakin soja a wani daji da ba a ambaci sunansa ba, wata murya tana rantsuwa cewa a nan kusa ne, kuma jiya-jiyan nan aka ɗauka. Babu wanda ya ce wa ya ɗauka, yaushe, a ina. Alhali kuwa mu ne magadan ilmin isnadi da na jarhu da ta'adili, wanda malamai suka ƙare rayuwarsu a kansa suna tantance mai riwaya, adalcinsa da kiyayewarsa da ko ya sadu da wanda ya ce ya ji daga gare shi. Kuma umarnin bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi yana nan cikin Suratul Hujurati, yaranmu na haddace ta a makarantun allo.

Kada wani ya ce wannan mas'ala ta nesa ce, domin mun riga mun ɗanɗana kuɗarta. Ran 30 ga Yuli, 2023 shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja suka ba sojan Nijar wa'adin kwana bakwai, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, aka shiga maganar yaƙi da mutanen da muke aure da su, muke karatu tare, muke cin kasuwa ɗaya. A kasuwar Dawanau, da ke maƙwabtaka da mu a kan hanyar Katsina, fatake da 'yan dako da direbobi sun san abin da rufe hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ya jawo musu, har zuwa Maris na 2024 da aka buɗe. Ba domin Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi ba, ba domin Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da Muhammadu Sanusi na II da ayarin malamai ƙarƙashin Shaihi Bala Lau sun yi ta zirga-zirgar sulhu zuwa Yamai ba, da Allah kaɗai ya san inda aka kwana. A irin wannan hali, labarin ƙarya guda ɗaya da ya sami karɓuwa yana iya zama sanadin zubar da jinin da ba a iya mayarwa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa da gida. Nijeriya ma ta yi nata dogon yaƙin a ƙasar waje, tun daga shigar rundunar ECOMOG Laberiya a Agustan 1990 har fitarta daga Saliyo a shekarar 2000, kuma Shugaba Obasanjo da kansa ya ambaci kimanin dala biliyan 8 a matsayin abin da ya ci. 'Yan jaridarmu biyu, Krees Imodibie na Guardian da Tayo Awotusin na Champion, a Laberiya suka rasa rayukansu a hannun mayaƙan Charles Taylor. Amurkawa, duk da son zuciyar da ke cikin rahotanninsu, sun dai kira janar-janar da ministoci gaban majalisa sun yi musu tambayoyi a bainar jama'a. Mu kuwa sojanmu sun dawo, wasu ba su dawo ba, aka shafa fatiha aka wuce. Yaƙin da ake yi da Boko Haram tun 2009 shi ma wata rana zai ƙare, da yardar Allah, bayan ya ratsa gwamnatoci huɗu na jam'iyyu biyu. Idan ba mu koyi riƙe lissafi tun yanzu ba, ranar nan kowace jam'iyya za ta nuna 'yar'uwarta, jaridu su buga musayar zagi, marayu da zawarawa su tashi a tutar babu.

Mai yiwuwa wani ya ce raba laifi tsakanin kowa da kowa hanya ce ta wanke mai babban laifi, kuma Faransa, wadda ta mulki waɗannan ƙasashe, ta kwashi yuraniyom ɗin Arlit shekara da shekaru, ba ta cancanci a auna ta da mudu ɗaya da waɗanda ta mulka ba. Wannan magana tana da ƙarfi, ban kuma ce kason kowa daidai yake ba. Hukuncina shi ne, Faransa da ƙawayenta suna da kaso mafi girma a kan rushe Libiya ba tare da shirin abin da zai biyo baya ba, da kuma nacewa shekara goma a kan bindiga alhali tushen fitinar yana cikin zalunci da talauci da rikicin manoma da makiyaya. Gwamnatocin farar hula suna da nasu a kan cin amanar kuɗin tsaro da barin karkara ba alƙali ba asibiti. Sojan da suka karɓi mulki da alkawarin kawo aminci kuwa, tun da sun kori wanda suke zargi, duk ran da ya salwanta daga ranar amanarsa tana wuyansu, kuma ba su da hurumin hana a ƙirga. Insafi shi ne a ba kowa nasa, ba a yafe wa wani domin ana jin haushin wani ba.

Saboda haka ina kira ga jaridunmu da gidajen rediyonmu na Kano, waɗanda yawansu ya isa abin alfahari, da su daina jiran Landan ko Faris ta gaya musu abin da ya faru a Maraɗi, garin da mota ke isa cikin rabin yini; su haɗa ƙarfi su ajiye wakilai a Yamai da Tawa da Damagaram, su riƙa buga sunayen ƙauyukan da aka kai wa hari da adadin mamata, ko wane ne ke kan mulki. Kai kuma mai karatu, idan labari ya zo maka, ko daga akwati ko daga waya, tambayi wanda ya faɗa, da wanda ya gani da idonsa, da wanda zai amfana idan ka gaskata, da abin da aka bari ba a faɗa ba. Idan ba ka sami amsa ba, ka riƙe shi a wurinka, kada ka tura wa kowa.